Kura Da Shan Bugu: Shari'ar Da Muke Yi Wa Masu Tsaron Baya

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kwana a cikinmu a daren da Nijeriya ta buga ƙwallo ya san cewa ba a fili ake gama wasa ba. Alƙalin wasa yakan busa tashi, a kashe talabijin, sa'an nan ne fa ake buɗe kotu. Akan zauna a ƙofar gidan kallo, ko wajen mai shayi, ko a barandar ɗakin kwana, a yi ta shari'a har dare ya raba, babu lauya, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. Idan kuwa aka lura, wanda aka fi gurfanarwa a gaban wannan kotu shi ne mai tsaron baya. Yau a ce ya tsufa, gobe a ce ciwon ƙarya yake yi, jibi a ce ba don hanya ba da bai ko ga ƙofar sansanin 'yan wasan ƙasa ba.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan mujallar ɗaliban jami'a da gardamar tamaula, alhali ga manyan matsaloli jibge a gabanmu? Amsarmu ita ce, yadda mutum ke yanke hukunci a kan ƙaramin abu, haka zai yanke a kan babba. Mu ne gobe za mu zama alƙalai da likitoci da malamai da shugabannin ma'aikatu. In har muka kasa yi wa ɗan ƙwallo adalci, wanda ba ma bin sa bashi, shi ma ba ya bin mu, to wane ne zai sami adalci a hannunmu ranar da aka ɗora mu bisa kujera?

Don kada mu yi ta magana a iska, za mu ɗauki mutum ɗaya mu kafa misali da shi, watau William Troost-Ekong, tsohon kyaftin ɗin Nijeriya. Ku riƙe ranaku biyu. A ranar 11 ga Fabrairu 2024, a Abijan, wannan mutum ya tashi sama ya sa kai ya ci wa Nijeriya ƙwallo a wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Ko da yake masu masaukin baƙi, Kwaddebuwa, sun farke suka kuma ƙara, aka tashi 2-1, shi aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya. A daren nan ba irin kirarin da ba mu yi masa ba: bango, garkuwa, namijin duniya. A ranar 9 ga Satumba 2025 kuma, bayan kimanin wata 19, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, a wasan neman gurbin Kofin Duniya, ya miƙa ƙafa zai tare ƙwallon da aka bugo daga gefe, sai ta kauce ta faɗa ragarmu. Aka tashi 1-1. Bakunan da suka yi kirari su ne suka koma zagi, har ana cewa dama can ba shi da komai. To, tambaya: a wanne dare muka yi ƙarya? Mu dai a ganinmu duka biyun ba mu yi gaskiya ba, domin a duka biyun da dare ɗaya muka auna mutumin da ya shekara goma yana wa ƙasa aiki.

Aikin da ido ba ya gani

Bari mu fara da aikin kansa. Ɗan gaba yana iya ɓarar da dama tara, ya ci ta goma, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai tsaron baya kuwa yana iya tare hari tara, na goma ya kufce masa, a ce shi ya kashe mu. Dalili kuwa shi ne, ƙwallo a raga ba ta ɓuya, amma yawancin aikin mai tsaron baya hana abu faruwa ne, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga lissafi. Taku ukun da ya yi gefe ya toshe hanyar da za a zura ƙwallo, da tsawar da ya daka wa abokinsa ya matso, da layin da ya ja ya bar ɗan gaba cikin satar gida, duk waɗannan ba a maimaita su a talabijin. Na'urar ɗaukar hoto ƙwallo take bi. Mu da ke zaune gaban akwati ba ma ganin mai tsaron baya sai wuta ta riga ta kama, sa'an nan mu ce shi ya kunna ta.

Ku ɗauki cin gida, wanda muke ɗauka a matsayin abin kunyar da ya fi kowane. Idan aka bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa da ƙarfi tsakanin gola da masu tsaron baya, mai tsaron baya yana gudu ne yana fuskantar ragarsa, ɗan gaba kuma na biye da shi. Abu biyu ke gabansa: ko ya bar ta ta wuce ɗan gaba ya tura ta raga, ko ya miƙa ƙafa ya yi sa'a ko ya yi rashin sa'a. Wanda ya tsaya nesa yana kallo ba ya taɓa cin gida. Saboda haka tambayar mai hankali ita ce, wa ya yar da ƙwallon a tsakiya, wa kuma ya bari aka bugo ta daga gefe babu matsi? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon ƙwallo kuwa mutum goma sha ɗaya ne, ba mutum ɗaya ba.

Wannan hali namu ba yau ya fara ba, gadonsa muka yi. A watan Nuwamba 1977, a Legas, Godwin Odiye ya sa kai ya ci gida a wasa da Tunisiya, aka ci Nijeriya 1-0, Tunisiya ce kuma ta tafi Kofin Duniya na 1978. Odiye yana cikin 'yan wasan da suka ciwo wa Nijeriya Kofin Afirka na farko a 1980, amma ku tambayi iyayenmu, da wuya ku sami wanda zai tuna shi da wannan. Joseph Yobo ya yi fiye da shekara goma yana tsaron bayan ƙasar nan, amma a wasansa na ƙarshe, da Faransa a Kofin Duniya na 2014, ya ci gida, da yawa da wannan suka sallame shi. Shi kansa Ekong ya ɗanɗani wannan tun a Masar a 2019: ranar 10 ga Yuli ya ci ƙwallon da ta fitar da Afirka ta Kudu ana daf da tashi, ranar 14 ga Yuli ƙwallo ta buge shi ta shiga ragarmu a wasa da Aljeriya. Kwana huɗu kacal tsakanin gwarzo da abin zagi. Wanda kuwa yake ganin surutu ne kawai, ba ya kisa, to ya tuna da Andrés Escobar na Kolombiya, wanda ya ci gida a wasa da Amurka a Kofin Duniya na 1994, aka harbe shi har lahira a Medellín bayan kwana goma. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Jikin wa ake kashewa?

Mu zo kan batun rauni, inda a nan ne munafuncinmu ya fi fitowa fili. Ekong ya buga wasanni da dama na gasar Kwaddebuwa da ciwo a tsokar bayan cinyarsa. Da wannan ciwo ya jagoranci bayan da ya kai mu wasan ƙarshe, ya kuma ci ƙwallo uku a gasar: fenariti a ragar Kwaddebuwa a wasan rukuni, fenariti a ragar Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe, da ta kai a wasan ƙarshe. Bayan an gama gasar sai da aka yi masa tiyata, ya rasa sauran kakar wasa a kulob ɗinsa na lokacin, PAOK ta ƙasar Girka, wadda ta ci gasar lig ta ƙasar a wannan shekara yana jinya.

'Yan'uwanmu masu karatun likitanci za su ba da shaida cewa tsokar bayan cinya ita ce ke ɗaukar nauyi sa'ad da mutum ya sheƙa da gudu, da sa'ad da ya taka birki. Aikin mai tsaron baya kuwa ke nan tun daga busa har tashi: ya juya, ya sheƙa, ya tsaya cak. Ƙaramar tsagewa takan warke cikin 'yan makonni in an huta. In kuwa aka ci gaba da gudu a kanta, takan ƙara buɗewa, mai tsanani kuma sai an yi tiyata, a yi watanni ana jinya. Bugu da ƙari, ciwo ne mai yawan dawowa ga wanda ya koma fili bai gama warkewa ba. Maganin kashe zafi ba ya ɗinke tsoka, yana dai rufe bakin jiki ne, jikin da Hausawa suka ce magayi.

Mun yi tafi, mun ce wannan shi ne kishin ƙasa. Ba mu ƙi ba, jarumta ce. Amma mu tambayi kanmu, da a ce tsokar nan ta tsinke a minti na goma na wasan ƙarshe, ɗan gaba ya wuce shi ya ci, me za mu ce? Da mun ce son kai ne ya sa ya ƙi ba masu lafiya wuri. Da a ce kuma ya ce ba zai buga ba sai ya warke, me za mu ce? Da mun ce kulob ɗinsa ya fi masa ƙasarsa, kuɗi yake bauta wa. Watau mun gina masa ɗaki mai ƙofa uku, biyu zagi ne, ta ukun kuwa ba ta buɗuwa sai da sa'a. Wanda ya bi ta ukun ma, yabon ba ya wuce 'yan watanni. Ƙafar ɗan ƙwallo ita ce gonarsa, shekarun nomanta kuwa ƙalilan ne. Mu da ke ba shi umurnin ya kashe ta dominmu, ko sisin kwabo ba ma bayarwa ranar da ya kwanta.

In kuna son ku san yadda ake saka wa masu tsaron baya idan ƙarfi ya ƙare, ku dubi Christian Chukwu. Shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga Kofin Afirka a Legas a 1980, bayan an ci Aljeriya 3-0, shi ma mai tsaron baya ne. A 2019 da ciwo ya kwantar da shi, sai da aka yi ta shela ana neman taimako, har attajirin nan Femi Otedola ya biya kuɗin jinyarsa a Landan. Ya rasu a watan Afrilu 2025. Ƙasar da sai an yi bara kafin ta yi jinyar kyaftin ɗinta na farko da ya ɗago mata kofi, da wane baki za ta ce wa yaro ya buga da tsagaggiyar tsoka?

Wa ya cancanci rigar ƙasa?

Sai batu na uku, wanda a kansa ake raba dare, watau wa za a kira, wa za a bari. Idan aka tace gardamarmu, za a tarar ƙungiya uku ce.

Ƙungiya ta farko tana cewa, wanda ke bugawa kowane mako a babban kulob shi za a kira, shi ke nan. Akwai gaskiya a nan, domin ƙafar da ba ta wasa takan yi tsatsa. Amma da wannan ma'auni kaɗai aka bi, da ba mu ga abin da muka gani a Kwaddebuwa ba. Kafin gasar Ekong ya daɗe koci José Peseiro ba ya sa shi, kuma a Girka yake wasa, ba a Ingila ko Sifen ba. Tsaron baya aiki ne na fahimtar juna da iya ba da umurni, wannan kuwa ba a rubuce yake a jikin rigar kulob ba. Sunan kulob shaida ce guda, ba ita ce hukunci ba.

Ƙungiya ta biyu tana cewa, wanda ya yi wa ƙasa hidima ba a ajiye shi, ko me ya faru. Wannan ma ba mu yarda da shi ba, kuma a nan za mu faɗi abin da masoyan Ekong ba za su so ji ba. A watan Satumba 2025 ya cika shekara 32, yana wasa a Al-Kholood ta Saudiyya, an kuma yi masa tiyata a ƙafa shekara guda da rabi kafin nan. Ga Calvin Bassey, ga Semi Ajayi, ga matashi Benjamin Fredrick da ya taso. Idan koci Éric Chelle ya duba ya ga saurin ya ragu, ya ajiye shi a benci, bai yi laifi ba, aikinsa ya yi. Rigar ƙasa ba fansho ba ce. Lambar girma ta 2024 ba ta tare ɗan gaba a 2025. Abin da muke ƙi shi ne a maye gurbin dalili da zagi. Akwai bambanci tsakanin ka ce wa mutum lokacinka ya wuce, mun gode, da ka ce masa dama can ba ka da komai. Na farko hukunci ne, na biyu butulci.

Ƙungiya ta uku ita ce mafi muni, kuma ita ce ba ta cika fitowa fili ba. Ita ba ta duban ƙafa, asali take duba. Tana cewa waɗanda aka haifa a Turai ba su da zuciya, ba za su iya rana da turmutsutsun Afirka ba. Gaskiya ne a Haarlem ta ƙasar Holan aka haifi Ekong a 1993, uwarsa 'yar Holan ce, ubansa ɗan Nijeriya, har ya buga wa matasan Holan wasa. Amma da Stephen Keshi ya kira shi, ya amsa, kuma a nan Kaduna, a filin wasa na Ahmadu Bello, ya fara sa rigar Nijeriya a watan Yuni 2015, aka ci Cadi 2-0. Daga nan har zuwa Disamba 2025 da ya yi ritaya daga buga wa ƙasa, ya buga wasa 83, ya ciwo tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya buga Kofin Duniya na 2018, ya ciwo tagulla da azurfa a Kofin Afirka. In wannan ne rashin zuciya, Allah Ya ƙara mana irinsa. Wannan ƙungiya tana da ƙanwa a cikinmu, watau masu karɓar jerin sunaye su fara ƙirga namu nawa ne, nasu nawa ne. Da yawanmu da aka yi gardamar kiran Ahmed Musa zuwa Kwaddebuwa cewa muka yi gogewa da shugabanci suna da daraja ko da mutum yana benci, kuma ba mu yi ƙarya ba. To, me ya sa da aka zo kan Ekong wannan hujja ta ɓace daga bakinmu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

An bar jaki ana dukan taiki

Yanzu mu zo ga babbar tuhuma, wai cin gidan Bloemfontein ne ya hana mu zuwa Kofin Duniya na 2026. Ba za mu ɓoye ba, Afirka ta Kudu ta gama rukunin da maki 18, Nijeriya da 17, saboda haka nasara a wannan rana da ta canja labari. Amma mu ɗalibai ne, mu yi lissafin har ƙarshensa. Nijeriya ta fara wasannin neman gurbin da kunnen doki 1-1 da Lesoto a Uyo, da 1-1 da Zimbabuwe, duka a Nuwamba 2023. A Yuni 2024 ta yi 1-1 da Afirka ta Kudu a gida, Jamhuriyar Benin kuma ta ci ta 2-1. Maki uku ke nan daga cikin goma sha biyu, an zubar da tara. Ekong bai buga ko ɗaya daga cikin waɗannan wasanni huɗu ba. Wata guda bayan cin gidan kuwa, shi ne ya ci fenariti a wasan da aka doke Lesoto 2-1. Ta yaya za a zubar da tara a yi shiru, a zubar da biyu a ce a kawo igiya?

Mu ƙara da wannan. Wasannin neman gurbin guda goma ne, amma koci uku suka jagorance su: Peseiro, da Finidi George, da Chelle, kowa da tsarinsa. Peseiro da masu tsaron tsakiya uku ya kai mu wasan ƙarshe a Abijan, bayansa aka sake zane. Tsaron baya kuwa ya fi kowane sashe bukatar sabo, sai mutum biyu sun daɗe tare kafin ɗaya ya san inda ɗayan zai taka ba tare da ya waiwaya ba. Wanda ke canja magini duk bayan 'yan watanni, kada ya yi mamaki in ginin ya yi yoyo.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A 2016 'yan wasanmu na Olamfik, da Ekong a cikinsu, sun maƙale a Atlanta ta Amurka saboda rikicin jirgi, ba su isa Manaus ta Barazil ba sai 'yan sa'o'i kafin wasansu da Japan, duk da haka suka ci 5-4. A Oktoba 2024 aka karkatar da jirginsu zuwa filin Al-Abraq a Libiya, aka bar su suka kwana a kan kujeru, Ekong ne a matsayinsa na kyaftin ya sanar da duniya halin da suke ciki, hukumar ƙwallon Afirka kuma daga baya ta ba Nijeriya nasara 3-0, ta ci tarar Libiya. A Nuwamba 2025, a Rabat ta Moroko, ana saura kwana biyu a buga wasan cike gurbi da Gabon, 'yan wasanmu suka ƙi fita atisaye saboda haƙƙoƙinsu da ba a biya ba. Sun ci Gabon 4-1, sa'an nan Kwango ta fitar da su a bugun fenariti. Shin a cikin waɗanda ke da alhakin biyan kuɗin nan, mutum nawa muka san sunansa? Mutum nawa muka raba dare muna yi wa shari'a wajen mai shayi? Mun san lambar rigar mai tsaron baya, mun san shekarunsa, mun san inda aka haifi uwarsa, amma ba mu san wanda ya riƙe masa haƙƙinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A nan ne illar kotunmu take. Duk daren da muka tara fushinmu muka sauke a kan yaro ɗaya, mun yi wa masu ofis hidima kyauta, domin mun ba su wanda za a yanka a madadinsu. Fushin kuma ba ya tsayawa a baki. A Maris 2022, da Gana ta hana mu gurbin Kofin Duniya a Abuja, bayan an tashi 1-1, Ekong ne ma ya ci mana, 'yan kallo suka faɗa fili suka yi ta ɓarna a filin da aka gina da dukiyarsu. Bayan wasan ƙarshe na Abijan kuma aka yi wa Alex Iwobi ca a intanet, har ya goge hotunansa a Instagram, sai da Ahmed Musa ya fito ya roƙi jama'a su bari. Yau wayar da ke aljihunmu ta mai da baranda kasuwa. Abin da dā za a faɗa ya tsaya wajen mai shayi, yanzu yana isa idon ɗan wasa da na iyalinsa kafin ya fita daga ɗakin canja kaya.

Abin da muke nema

Ba mu ce a daina gardama ba. Gardama ita ce gishirin kallo, in babu ita gara mutum ya je ya kwanta. Ba mu kuma ce kada a soki ɗan wasa ba, wanda ya sa rigar ƙasa ya yarda a auna shi. Abin da muke nema shi ne a auna shi da mudu na gaskiya.

Daga kanmu muke farawa. Kafin ɗayanmu ya ce wane ya ƙare, ya faɗi wasa nawa nasa ya kalla tun daga busa har tashi, ba guntun hoto na daƙiƙa ashirin ba. Wanda bai kalli wasa goma ba, ya yi shiru ya saurari wanda ya kalla. Kafin a ce shi ya jawo aka ci mu, a koma baya taku uku a ga inda ɓarakar ta faro. A cikin aji ba ma yarda a kafa hujja da misali ɗaya, malami zai ja mana jan biro. Me ya sa da mun fita ƙofar aji sai mu tuɓe ilmin mu rataye?

Ga koci kuwa, muna neman ya bayyana ma'auninsa: lafiya, da yawan wasa, da dacewa da tsari, da sabo da abokin tsaro. In ya ajiye babba, ya faɗi dalili, ya kuma gaya wa mai abin kafin ya ji a rediyo. Inda aka yi shiru, a nan jita-jitar hanya da ƙabilanci ke tsiro.

Game da rauni, kalmar ƙarshe ta likita ce. Ba ta koci ba ce, ba ta ɗan wasa ba ce, balle ta 'yan kallo. Ɗan wasa kullum zai ce zai iya, domin yana tsoron a ba wani wurinsa, yana kuma tsoron bakinmu. Dole a sami wanda zai ce masa a'a, mu kuma mu koyi girmama wannan a'a ɗin. Wanda ya zauna don ya warke bai ci amanar kowa ba.

Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kuma, ta biya haƙƙi a kan lokaci, ta tanadi inshora da asusun jinya ga duk wanda ya sa rigar ƙasa, yana wasa ko ya daina, domin kada a sake yin bara da sunan kyaftin. Mu kuwa mu riƙa tambayarta lissafi da irin zafin da muke tambayar mai tsaron baya.

Ekong dai ya ajiye rigar, zaginmu da yabonmu duk ba sa ƙara masa komai yanzu. Amma akwai waɗanda suka gaje shi, akwai kuma yaran da ke tasowa a filayen unguwa daga Kaduna har Fatakwal, waɗanda koci zai ce wa, kai koma baya ka tsare mana gida. Ba makawa wata rana ɗayansu zai miƙa ƙafa ƙwallo ta kauce ta faɗa ragarmu, domin wanda bai taɓa kuskure a baya ba, bai taɓa tsaron baya ba. A wannan dare za a sake buɗe kotu a baranda, za a kuma waiwayo a ce, ku 'yan jami'a me kuka gani? Muna fatan a sami ko mutum ɗaya a cikinmu da zai ce a dakata, a maido da hoton baya, a ga wa ya yar da ƙwallon a tsakiya.